Ganyen Darbejiya da Kuɗin Wuta: Lissafin da Furojet Ɗinmu Ke Tsallakewa

A 'yan shekarun nan babu batun furojet da ya yi tashe tsakanin ɗaliban SLT da na kimiyyar sinadarai kamar haɗa ƙwayoyin nano da ganye. Wannan ya ɗauki darbejiya, wancan zogale, wata ta ce ita ɓawon lemo za ta yi da shi. A dafa ganye, a tace, a zuba a ruwan gishirin azurfa, wato silba naitiret, a zauna a jira ruwan ya juya ya koma kalar shayin da ba a sa wa madara ba. Sai a ɗauki hoto, a rubuta a babi na biyar cewa wannan hanya tana da arha, ba ta cutar da muhalli, kuma masana'antu za su iya ɗaukarta. To, wannan jimla ta ƙarshe ce nake son mu zauna a kanta, domin kusan ba a taɓa biyo ta da lissafi ba. Tambayata ɗaya ce: idan kilo guda ake so, wutar lantarki yunit nawa za a ƙone?

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Nanomita ɗaya shi ne ka raba mita gida biliyan ka ɗauki kashi ɗaya. Kaurin silin gashin kai ya kai wajen nanomita 80,000. Abin da ake kira ƙwayar nano kuwa girmanta tsakanin nanomita 1 ne zuwa 100. Amfanin wannan ƙanƙanta yana wajen fāɗin fuska. Ka ɗauki dunƙulen ƙarfe mai kusurwa huɗu, kowane gefe santimita ɗaya. Fuskokinsa shida duka murabba'in santimita 6 ne. Ka daddatsa shi zuwa ƙwayoyi masu nanomita 10, nauyi bai canza ba, amma fuskar ta zama murabba'in mita 600. Tunda a fuska sinadarai ke haɗuwa su yi aiki, ɗan abu kaɗan sai ya yi aikin mai yawa. Shi ya sa azurfar da ba ta kai ƙwayar gero ba take iya kashe ƙwayoyin cuta a ruwa ko a bandejin ciwo.

Kuma abin ba baƙo ba ne a wajenmu kamar yadda sunan ke nunawa. Baƙin da hayaƙin fitila ko gindin tukunya ke tarawa ƙwayoyin gawayi ne 'yan mitsi-mitsi, da yawansu a ma'aunin nano suke. A makarantun allo na Kekun Waje, kamar na ko'ina a ƙasar Hausa, in za a haɗa tawada sai an sa ƙaro. Aikin ƙaron shi ne ya lulluɓe ƙwayoyin baƙin don kada su dunƙule su kwanta a gindin kurtu. Wannan aiki dai shi ne rabin abin da ruwan ganye ke yi a ɗakin gwaje-gwaje. Ɗaya rabin shi ne bai wa azurfar da ta narke a ruwa ilektoron don ta koma ƙarfe. Sinadaran da ke sa bagaruwa ta yi bauri, waɗanda majema ke amfani da su wajen jimar fata, suna daga cikin masu wannan aiki.

A shekarar 1857 Michael Faraday ya bayyana yadda ya samu jan ruwa daga zinare a Landan. A 1951 Turkevich da abokan aikinsa suka fito da hanyar tafasa gishirin zinare da sitiret, wadda har yau ake koyarwa. Wasu hanyoyin da suka biyo baya suna aiki da sinadarai masu haɗari irin su sodiyam borohaidiraid da haidirazin. A 1998 Paul Anastas da John Warner suka fitar da ƙa'idoji 12 na haɗa sinadarai ba tare da ɓata muhalli ba, kuma mutane suka fara neman madadi. A 2004 masu bincike a cibiyar sinadarai ta ƙasa da ke Pune a Indiya suka nuna cewa ruwan ganyen darbejiya na haɗa ƙwayoyin azurfa da na zinare cikin sauri. A nan gida Nijeriya, ƙungiyar Farfesa Agbaje Lateef a jami'ar LAUTECH ta Ogbomosho ta yi fice a wannan fanni. Daga irin waɗannan ayyuka furojet ɗinmu suka samo asali.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, a cikin ƙa'idojin nan 12, ta shida kan tsimin makamashi take magana. Ganye ya kawar mana da sinadari mai guba, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma bai ce komai a kan mita ba.

Yanzu ku ɗauko kalkuleta. Yawancin takardun da muke kwafowa suna aiki da ruwan silba naitiret mai ƙarfin milimola 1. Nauyin mola ɗaya na azurfa giram 107.87 ne. Ke nan a cikin lita guda ta wannan ruwa akwai azurfa giram 0.108 kacal. Ko da a ce kowace ƙwayar zarra ta juye, babu asara ko kaɗan, sai ka tanadi lita wajen 9,270 kafin ka samu kilo ɗaya. Tan tara ke nan na ruwa da 'yan kai, kusan tankar ruwa guda. Idan kuma aka bi tsarin da aka saba, kashi ɗaya na ruwan ganye a kashi tara na ruwan azurfa, ga wata lita dubu ta ruwan ganye, wadda za ta ci busasshen ganye kamar kilo 100.

Ruwa kuwa abu ne mai taurin kai wajen ɗaukar zafi. Kafin ka ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya sai ka kashe kilojul 4.18. A ce ruwan famfo yana digiri 30, takardar ta ce a kai shi 80. Digiri 50 sau 4.18 ya ba mu kilojul 209 a kowace lita. Yunit ɗaya na wutar da muke saya a mita, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, kilojul 3,600 ne. Ka lissafa da lita 9,270, za ka samu yunit kusan 540. Wannan ɗumama ruwa ne kawai, kuma a kan tsammanin babu zafin da ya tsere ta jikin tanki, abin da ba ya faruwa a duniya.

Yunit 540 ba abin tayar da hankali ba ne idan aka dubi tsadar ita kanta azurfar. Inda gizo ke saƙar shi ne raba ƙwayoyin da ruwan. Ƙwayar nano ba ta kwantawa da kanta, ai dalilin lulluɓe ta ke nan, kuma takardar tata ba ta tare ta. In ka ce za ka ƙafar da ruwan a kan wuta, kowane kilo na ruwa na buƙatar kilojul 2,257 kafin ya zama tururi, ninki goma da wani abu na abin da ka kashe wajen ɗumamawa. A lita 9,270 wannan ya haura yunit 5,800. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta mayar da farashin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Da wancan farashi, ɗumamawa ta tashi a kan naira dubu 120 da 'yan kai, ƙafarwa kuma naira miliyan 1.3.

Wani zai ce ai ba ƙafarwa muke yi ba, santirifuj muke sawa. Haka ne. Mu ɗauka injin na cin wat 500, yana ɗaukar bututu shida masu mililita 50, ana juya shi minti 20. Ya ci yunit 0.17 a kan mililita 300, wato fiye da rabin yunit a kowace lita. Ku kwatanta da ƙafarwa, wadda ke cin yunit 0.63 a lita. Ashe tazarar ba ta da yawa. Ga shi bayan nan ana wanke abin da ya kwanta sau biyu ko uku, kowane wanki da nasa juyin. Masu busarwa da injin daskarewa kuwa sun fi kowa kashe wuta, don injin kan kwana yana aiki.

Akwai wani lissafi da ya fi ba ni dariya. Ɗalibi ya ɗora kofin gilashi mai mililita 100 a kan hotfilet mai wat 500 na tsawon rabin awa. Ya ci yunit 0.25, abin da ke cikin kofin kuwa azurfa ce giram 0.0108. In ka mayar da shi kilo, yunit dubu 23 ne. Ko ka raba biyu saboda hotfilet na ɗaukewa yana dawowa, har yanzu ya ninka 540 ɗin nan sau ashirin. Yawancin zafin ɗakin ya ɗumama da shi. Wannan na nuna abu biyu. Alƙaluman ɗakin gwaje-gwaje ba su ne na masana'anta ba, domin babban tanki mai rufi ba ya zubar da zafi kamar ƙaramin kofi. Yayin da tanki ke girma, cikinsa na ƙaruwa fiye da jikinsa. Sai dai girma ba ya taɓa 4.18 da 2,257. Waɗannan halin ruwa ne, a Gusau ko a Jamus. Hanyar rage su ɗaya ce, a rage ruwan.

To me zai hana a ƙara ƙarfin ruwan azurfa zuwa milimola 10 ko 100? Da milimola 10, lita 927 ta isa, kuma duk lissafin sama ya ragu gida goma. Matsalar ita ce idan ƙwayoyin suka yi cunkoso sai su riƙa karo da juna suna mannewa, girmansu ya bambanta, wasu ma su fita daga ma'aunin nano gaba ɗaya. A babban tanki kuma gaurayawa ba ta daidaita, inda ruwan ganye ya fara sauka ya riga sauran wurin juyewa. A ganina a nan ainihin binciken yake, kuma furojet da ya gwada milimola 1, 5 da 10 ya auna abin da ya faru ya fi wanda ya sake gano cewa wani sabon ganye ma na juya ruwa kalar shayi. Kusan kowane ganye na yi.

Sannan mu a nan sai mu ƙara wani mataki, domin ba kullum wutar mita ake samu ba. Litar man dizal na ɗauke da zafi kimanin yunit 10, amma janareta ba ya mayar da fiye da kamar yunit 3 zuwa lantarki, sauran ya tafi a hayaƙi da zafin inji. Kowace lita kuma na sakin iskar kabon wajen kilo 2.7. Yunit 5,800 a janareta na nufin dizal sama da lita 1,900, da hayaƙi fiye da tan biyar, a kan kilo ɗaya na kayan da aka yi wa laƙabi da mai kare muhalli. Ka ƙona mai ka samu zafi, ka mayar da kashi ɗaya cikin uku lantarki, sannan ka sake mayar da lantarkin zafi. Duk injiniyan da ya ga wannan zai ce a kai wutar gindin tanki kai tsaye.

Masu yin zinki oksaid da ganye kada su ce su ba ruwansu. Su ruwan nasu ya fi kauri, amma a ƙarshe sai sun gasa garin a tanderun lantarki, galibi tsakanin digiri 400 zuwa 600 na awa biyu ko fiye. A ce tanderun ya ci yunit 4 daga kunnawa zuwa kashewa, a kan gari giram 5. Yunit 800 ke nan a kilo. Tanderu ba ruwansa da ko cike yake ko wofi, don haka ɗalibai biyar da suka haɗa samfurinsu a gashi ɗaya sun rage wannan adadi gida biyar ba tare da sun taɓa sinadari ba.

Yaya manyan masana'antu ke yi? Abin mamaki, kayan nano da aka fi samarwa a duniya a cikin harshen wuta ake yin su. Baƙin gawayin da ake cuɗawa da roba a tayar mota, wanda ake samar da sama da tan miliyan goma a shekara, ana yin sa ne ta ƙona mai mai nauyi da ƙarancin iska a zafin da ya wuce digiri 1,000 nesa ba kusa ba. Farin garin silika da kamfanin Degussa na Jamus ya fara yi a shekarun 1940 shi ma daga harshen wuta yake fitowa. Ba na cewa waɗannan hanyoyi masu tsabta ne, mai suke ci kuma hayaƙi suke fitarwa. Amma ku lura da abin da suka tsere wa: kayan na fitowa a bushe, babu tan tara na ruwa da za a kora. Injin ba ya tsayawa balle ya huce a sake ɗumama shi, kuma iskar da ta rage ana ƙona ta a samu tururi. Yawan digiri shi kaɗai ba ya gaya maka yawan makamashi a kilo.

Akwai kuma masu aiki da ruwan amma da dabara. A Nottingham ta Ingila, kamfanin Promethean Particles, wanda ya fito daga jami'ar garin, ya gina masana'anta mai iya fitar da sama da tan dubu a shekara. Ana tura ruwa mai tsananin zafi da matsi ta bututu, ya haɗu da ruwan gishirin ƙarfe, ƙwayoyin su samu cikin daƙiƙoƙi. A irin wannan tsari na bututu ana iya sa ruwan zafin da ke fita ya ɗumama na sanyin da ke shiga, ta yadda zafi ɗaya ke aiki sau da yawa. Dabara ce da duk ɗan sashen injiniyan sinadarai ya karanta a darasin musayar zafi.

Ganye yana da wata matsala da ba a cika lissafa ta a matsayin makamashi ba. Darbejiyar damina da ta bazara ba ɗaya ba ce, ta bakin fadama da ta kan tudu ma haka. Sinadaran ciki na hawa suna sauka. Mai saye kuwa yana son girman ƙwaya iri ɗaya kowane wata. Duk tankin da aka ƙi karɓa, wutar da aka ƙona a kansa ta hau kan wanda aka karɓa.

Kuma lissafin bai fara daga ƙofar ɗakin gwaje-gwaje ba. Kwalbar silba naitiret ta biyo ta haƙar ma'adini, niƙa dutse, narkarwa, da asid. Mu 'yan Zamfara ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan abin da ke bayan ƙarfe mai daraja. A 2010 gubar dalma daga niƙa dutsen zinare a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ruwan da ya rage bayan gwaji ma yana da sauran azurfa, wadda guba ce ga kifi da ƙananan halittun ruwa. Tan tara na irin wannan ruwa ba abin da za a saka a kwata ya gangara gulbin Sakkwato ba ne, kuma tsabtace shi ma wuta yake ci.

Da duk wannan, ban ce a watsar da fannin ba. Akwai wurare uku da nake ganin lissafin ya karkato wajenmu.

Rana ce ta farko. A wannan yanki murabba'in mita ɗaya na samun hasken rana da ya kai kusan yunit 6 a wuni. Na'urar ɗumama ruwa da rana, baƙin faranti da bututu a ƙarƙashin gilashi, na iya kama wajen rabin wannan, kuma digiri 60 zuwa 80 ɗin da ake nema yana cikin abin da take iyawa. Yunit 540 ɗin nan na ɗumamawa zai samu a wuni ɗaya daga faranti mai murabba'in mita 180, bai kai rabin filin gida mai ƙafa 50 da 100 ba. Hasken rana da kansa ma yana hanzarta juyewar azurfa, shi ya sa ake ajiye silba naitiret a kwalba mai duhu.

Na biyu, wanda ya fi burge ni, buntun shinkafa. Duk wanda ya bi ta wajen injinan casa a Talata Mafara ko Gusau ya ga tsibinsa, wani lokaci yana ci da wuta a banza. Tan ɗaya na shanshera na ba da buntu kamar kilo 200. In aka ƙone shi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na zama toka, kuma wajen kashi 90 cikin ɗari na tokar silika ce. Hanyar da aka saba samun silikar masana'antu ita ce a narka yashi da soda a tanderu mai zafin digiri 1,300 zuwa sama. Tokar buntu kuwa, matuƙar ba a bari zafin ƙunar ya wuce wajen digiri 700 ba, tana narkewa a ruwan soda mai kaifi a kusa da zafin tafasa. Daga nan a sa asid, silika ta fito fara ƙal, ƙwayoyinta ƙanana. Abin da ya bambanta buntu da ganye shi ne ya zo da makamashinsa: ƙona shi don samun toka shi ne ke ba da zafin dafawa da busarwa. Ba mafarki ba ne, kamfanin taya na Goodyear ya sanar tun 2014 cewa zai riƙa amfani da silikar tokar buntu. Shinkafar Bakalori na zubar da wannan kaya kowace kaka.

Na uku shi ne a daina korar ruwan kwata-kwata, a yi amfani da ƙwayoyin a cikinsa, a wurin da aka haɗa su. A 1981 Fernando Mazariegos na ƙasar Gwatemala ya ƙirƙiro tukunyar tace ruwa: yumɓu ne da aka cuɗa da garin katako ko buntu, a gasa, abin da aka cuɗa ya ƙone ya bar ƙananan ƙofofi, sannan a shafa ruwan azurfa. Kowace tukunya azurfar da take buƙata ba ta kai giram ɗaya ba. A nan raunin milimola 1 ya daina zama matsala, domin ruwa mara kauri ake so. Babu santirifuj, babu busarwa, babu jigilar tankar ruwa zuwa Kano. Masu ginin tukwane da randuna muna da su a ƙauyukan Bunguɗu da Tsafe.

Ga wanda bai riga ya kammala babi na uku ba, ga abin da nake ba da shawara. A bayan kowace na'ura akwai ɗan faranti da aka rubuta wat ɗinta. Ka rubuta shi. Ka riƙe agogon wayarka, ka rubuta minti nawa hotfilet, santirifuj, oban da tanderu suka yi a kunne, har da lokacin dafa ganyen da na tace ruwan gwaji, don injin tace ruwa da tururi shi ma ƙafarwa yake yi. Wat sau awa, a raba da 1,000, ya ba ka yunit. Ka auna busasshen abin da ka samu a sikeli, ka raba. Ka rubuta ko wutar mita ce ko ta janareta. Sannan ka sake gwajin sau ɗaya a zafin ɗaki, sau ɗaya a rana tsakanin sha biyu da biyu, ka jera sakamakon uku a teburi guda, da lokacin da kowanne ya ɗauka kafin launi ya juya.